Dauɗar da ido ba ya gani: yadda ɓurɓushi ke toshe tantanin tace ruwa

A shekarar 2003 aka buɗe wata katafariyar masana'antar mayar da ruwan teku ruwan sha a gaɓar Tampa, cikin jihar Fulorida ta Amurka. An tsara za ta riƙa ba da kusan lita miliyan 95 a kullum, kuma a lokacin babu mai girmanta a duk ƙasar. Ba a je ko'ina ba ta fara tangal-tangal. Matatun da aka jera a gaba don su tare dauɗa suka riƙa cikewa tun lokacinsu bai yi ba, tantanin da ke raba ruwa da gishiri ya riƙa toshewa, kamfanin da ya yi ginin ya karye. Sai a ƙarshen 2007 masana'antar ta kama aiki yadda ake so, bayan kuɗinta ya tashi daga kusan dala miliyan 110 zuwa miliyan 158. Gishirin da aka gina wurin dominsa kuwa bai ba kowa wahala ba, tantanin yana cire shi tsaf. Abin da ya durƙusar da aikin shi ne ɗan ɓurɓushin laka da na halittun ruwa da ke yawo a cikin ruwan, wanda mafi yawansa ko an ɗebo a kofin gilashi an ɗaga sama ba za a gan shi ba.

Matsalar ba ta Amurka kaɗai ba ce. Irin wannan tantanin ne ke cikin dogon bututun nan da ake gani a gidajen ruwan leda da na roba a Kano da Kaduna da Maraɗi, wanda masu sana'ar ke kira RO. Ruwan da alhazai ke amfani da shi a masaukansu na Makka da Jidda ma mafi yawansa daga Bahar Maliya aka tato shi, wani ɓangare ta irin wannan hanya. Girman wuri ne ya bambanta, ciwon iri ɗaya ne.

Tantanin tace ruwa hawa-hawa ne, kuma da maikuron ake auna shi, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita. Silin gashin mutum ya kai kaurin maikuron 70 ko kusa da haka. Akwai tantani mai ƙofofin da faɗinsu ya kai maikuron 0.1, wanda ke tare laka da ƙwayoyin bakteriya. Akwai mai ƙofofi kusan maikuron 0.01 zuwa 0.05, wanda ke tare har da yawancin ƙwayoyin bairos. Na ƙarshe shi ne na RO, wanda kusan a ce ba shi da ƙofa ma: wata fata ce ta roba, kaurinta bai wuce maikuron 0.2 ba, ruwa na ratsa ta ne ta tsakanin zaren robar da kanta, gishiri kuma ya tsaya a baya. Sidney Loeb da Srinivasa Sourirajan ne suka fara yin wanda zai yi aiki a kasuwa, a jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjelis wajen 1960, sannan a ƙarshen shekarun 1970 John Cadotte ya fito da samfurin da kusan duk duniya ke amfani da shi yau. Ana naɗe tantanin ne a jikin wani bututu mai huji-huji, a sa raga siririya a tsakanin kowane naɗi don ruwa ya sami hanyar wucewa. Ƙulli ɗaya mai faɗin inci 8 da tsawon inci 40 yana ɗauke da tantanin da ya kai murabba'in mita 37. Ita kuwa hanyar da ruwan ke bi a tsakanin naɗin, ko milimita ɗaya ba ta kai ba.

Mai karatu zai ce, to me ya hana a bar ruwan ya kwanta kafin a tura shi? Ai haka ake yi wa ruwan gulbi tun kaka da kakanni. Amsar tana cikin lissafi. Ƙwayar yashi mai milimita ɗaya tana nutsewa zurfin mita guda cikin 'yan daƙiƙoƙi. Amma saurin nutsewa yana raguwa ne ninki-ba-ninki: idan ƙwaya ta ragu sau 10, saurinta ya ragu sau 100. Ƙwayar yumɓu mai maikuron ɗaya sai ta yi kusan mako 2 kafin ta sauka mita guda, in ruwan bai motsa ba ke nan. Mai maikuron 0.1 kuwa sai ta haura shekara 3, kuma a zahiri ba za ta taɓa sauka ba, domin ƙwayoyin ruwan da kansu suna ta bugunta ta kowace fuska, tana rawa a wuri ɗaya. Robert Brown ne ya lura da wannan rawa a madubin ƙara girma a 1827, Albert Einstein ya yi bayanin dalilinta a 1905. Wannan ɓurɓushin da ba ya kwanciya shi ne abokin gaban tantani: yumɓu, tsatsar ƙarfe, garin silika (sinadarin da ke cikin yashi), gutsuttsarin matattun tsirrai, da yauƙin da gansakuka da bakteriya ke fitarwa.

Duk wanda ya taɓa kallon mai koko tana tace gasara ya ga rabin wannan ilmi da idonsa. Da farko ruwan gasarar yana zuba shar ta ƙyallen. Can sai dusa ta fara taruwa a kai, zubar ta koma ɗis-ɗis, alhali ƙyallen bai canja ba. Yanzu ba ƙyallen ke tacewa ba, dusar da ta kwanta a kansa ce, kuma ita ta fi shi matsewa. Me matar za ta yi? Ba danna dusar take yi da ƙarfi ba, don in ta danna sai ta ƙara cushewa. Hannu take sa wa tana juyawa, tana kaɗa ruwan a kan ƙyallen, dusar na tashi, hanya na buɗewa. Injiniyoyin tantani dabarar da suka bi ke nan. Ba sa tura ruwan gaba ɗaya ya ratsa. Suna sa shi ya gudana ne a kan fuskar tantanin, wani kaso ya ratsa, sauran ya wuce yana share abin da ke neman kwanciya, ya fita ta ɗaya bakin a matsayin ruwan zubarwa.

A tantani mai ƙofofi, toshewar kan fara ne tun kafin dauɗa ta yi shimfiɗa. A 1982 wani masani mai suna Hermia ya tsara hanyoyin a lissafe, har yau kuma da tsarinsa ake aiki. Ƙwayar da ta yi daidai da bakin ƙofa tana zama a kai ta rufe ta ruf. Wadda ta fi ƙofar ƙanƙanta tana shiga ciki ta manne a bango, wata ta zo ta manne a kanta, ƙofar na tsukewa a hankali. Wannan ta biyun ita ce muguwa, domin wanki daga waje ba ya kai mata. Sai daga baya shimfiɗar ke haɗuwa a sama. Wani abin mamaki, shimfiɗar manyan ƙwayoyi takan zama garkuwa, ta tare ƙananan kafin su kai ga ƙofofin. Shi ya sa wani lokaci ruwa mai laka sosai ya fi sauƙin sha'ani a kan ruwan da ya yi garau amma yana ɗauke da ɓurɓushi marar nauyi. Kuma ita shimfiɗar ma ba duka ce ɗaya ba. Nauyi ɗaya na dauɗa, idan ƙwayoyinsa sun fi ƙanƙanta sau 10, tirjiyar da zai yi wa ruwa ta kusa ninkawa sau 100, saboda 'yan hanyoyin da ke tsakanin ƙwayoyin sun matse.

A nan ne maganar ta fi ban sha'awa. Kowace ƙwaya da ta kusanci tantani tana tsakanin masu ja biyu. Ruwan da ke ratsawa yana jan ta zuwa fuskar tantanin. Wasu abubuwa kuma suna korar ta baya. Ƙwayar da ta yi ƙanƙanta ƙwarai, rawar nan ta Brown ta ishe ta gudu, domin gwargwadon ƙanƙantarta gwargwadon zafin rawarta, sai ta watse daga inda aka yi cunkoso ta koma cikin ruwa. Babbar ƙwaya, mai maikuron 10 zuwa sama, gudun ruwan da ke sharar fuskar yana mirgina ta, yana ɗaga ta, ya tafi da ita. Ta tsakiya fa? Wadda ke tsakanin maikuron 0.1 da maikuron ɗaya ta yi nauyin da rawa ba za ta cece ta ba, ta kuma yi ƙanƙantar da gudun ruwa ba zai kama ta ba. Ita ce ke zama daram. Wannan girman kuma shi ne wanda ke sulalewa ta matatar kyandir mai maikuron 5 da ake sa wa a gaban injin RO kamar babu komai a wurin. Mai gidan ruwan da ke canja kyandir a kan kari yana ganin ya gama tsaro, alhali aikin kyandir shi ne tare yashi da tarkacen da za su yaga tantani ko su lalata famfo.

Akwai kuma batun lantarkin da ke jikin ƙwayoyin. Yumɓu da yawancin ɓurɓushin ruwa suna ɗauke da caji iri ɗaya a fatarsu, fuskar tantanin RO ma irin cajin take ɗauke da shi, kuma masu caji iri ɗaya ture juna suke yi. Da don wannan kaɗai ne, da dauɗa ba ta manne ba. Amma akwai wani jan na daban da ke tsakanin kowane abu biyu idan sun matso kusa ƙwarai, kuma da zarar ƙwaya ta tsallake shingen turewar, wannan jan zai cafke ta. Derjaguin da Landau a Tarayyar Sobiyet a 1941, da Verwey da Overbeek a Holan a 1948, su suka yi bayanin wannan ja-in-ja. Abin da ya shafe mu a ciki shi ne gishiri yana rushe shingen. Gwargwadon yawan gishirin ruwa, gwargwadon gajartar nisan da cajin ke iya turewa. Yana cikin dalilan da ke sa kogi ya sauke lakarsa a inda ya haɗu da teku. To ina gishiri ya fi taruwa a cikin injin RO? A daidai fuskar tantanin, inda ruwa ke ficewa yana barinsa. Wato injin da kansa ne ke shirya wa dauɗa wurin zama. Idan ruwan yana da kalsiyam kuma, wato sinadarin da ke cikin farar ƙasa, abin ya ƙara muni, domin kalsiyam yana ɗaure ɓurɓushin tsirrai da yauƙi da junansu, ya ɗaure su da tantanin, har su zama wani kunu mai danƙo wanda gudun ruwa ba ya iya ɗagawa. Ita ma fuskar tantanin ba sumul take ba in an duba ta a babban madubi, tudu da kwari ce, kuma a cikin kwarin ɓurɓushi ke fara maƙalewa.

An daɗe ana ɗauka cewa shimfiɗar dauɗa tana rage ruwan RO ne don ta tare hanya kawai. Amma lissafin bai fita ba, saboda tantanin RO ya riga ya matse ƙwarai, 'yar shimfiɗar laka ba za ta ƙara masa tirjiya mai yawa haka ba. A 2003 wasu masana biyu, Eric Hoek da Menachem Elimelech, suka nuna inda gizo ke saƙa. Ɗabi'ar ruwa ce ya ratsa daga ɓangaren da gishiri ya yi kaɗan zuwa inda ya yi yawa, kuma aikin famfon RO shi ne ya rinjayi wannan ɗabi'a ya tura ruwan ta kishiyar hanya. A ruwan teku, mai gishiri kusan giram 35 a kowace lita, sai an zarce matsin bar 27 kafin ɗigo ɗaya ya fito, shi ya sa ake aiki da bar 55 zuwa 70. Iskar tayar ƙaramar mota ba ta cika wuce bar 2 da rabi ba. To idan dauɗa ta kwanta, gishirin da tantanin ya tare ba ya samun komawa cikin ruwan da ke gudana, sai ya taru a ƙarƙashin shimfiɗar, inda sharar ruwa ba ta kai wa. Tantanin yana ganin ruwan da ya fi na gaskiya gishiri nesa ba kusa ba. Ƙarfin famfo sai ya ƙare a kokawa da wannan tarin gishiri, ruwan da ke fita ya ragu, kuma gishirin da ke tsallakewa ya ƙaru. Mai injin da ya ga na'urar auna gishiri tana hawa yakan ce tantaninsa ya yage, alhali sau da yawa laka ce kawai.

Idan ruwa ya ragu, hannun kowa kan bawul yake tafiya, a ƙara matsi. A ganina wannan ne babban kuskuren da ke kashe tantani, ya fi dauɗar ruwan kanta. A 1995 Robert Field da abokan aikinsa a Ingila suka fito da wata magana mai sauƙi: kowane tantani da kowane ruwa suna da iyakar saurin ratsawa, wadda in aka tsaya ƙasa da ita masu korar ƙwayoyi baya sun rinjayi mai jan su, dauɗa ba ta taruwa sai kaɗan-kaɗan. Da an haura ta, shimfiɗa ta fara. Ƙarin matsi yana ba da ƙarin ruwa na ɗan lokaci, amma yana ƙara jawo ɓurɓushi, yana kuma danne shimfiɗar, musamman mai yauƙi, ta koma kamar fata. Bayan 'yan kwanaki ruwan ya dawo inda yake ko ƙasa da haka, ga dizal ana ƙonawa fiye da da. Garin neman ƙiba an samo rama. Na san dalilin da ke sa a yi hakan: lokacin zafi ne, motoci sun yi layi suna jiran lodi, wuta kuma ba ta tsayawa, dole a ci kasuwa yayin da take ci. Amma tantani biyu da ke aiki a natse sun fi guda ɗaya da ake wa dole araha, in aka lissafa har ƙarshen shekara. Haka ma masu matse bawul ɗin ruwan zubarwa don ganin ana asarar ruwa. Wannan ruwan shi ne tsintsiyar injin. Idan aka tatse kashi 75 cikin 100 na ruwan da ya shiga, duk abin da ke cikin ragowar ya ninka sau 4, ga kuma gudun sharar ya ragu.

Ta yaya za a san ruwa zai toshe tantani tun kafin ya toshe? Ido dai ba zai faɗa ba, na'urar auna gurɓacewar ruwa ma ba ta cika gani ba. Gwajin da aka fi yi, wanda ake kira SDI, mai sauƙi ne. Ana sa wata farar takardar tacewa mai faɗin milimita 47 da ƙofofin maikuron 0.45, a tura ruwa ta cikinta da matsin bar 2 da ɗoriya, a auna daƙiƙoƙin da za a ɗauka kafin a tara mililita 500. A bar ruwan ya yi ta zuba minti 15, a sake aunawa. Daga bambancin lokutan biyu ake fitar da lamba. Masu ƙera tantani suna so ta kasance ƙasa da 5, an fi son ƙasa da 3. Takardar kanta in an ciro ta tana ba da labari: ja-ja mai ruwan tsatsa ƙarfe ne, rawaya zuwa ruwan ƙasa ɓurɓushin tsirrai ne ko laka, toka-toka kuma sau da yawa garin gawayin matatar da ke gaba ne yake zubowa. Sai dai gwajin yana da makanta. Duk abin da bai kai maikuron 0.45 ba wucewa yake yi, kuma mun ga cewa a nan maɓarnatan suka fi yawa. Ruwa zai ci jarrabawa lafiya lau, tantani kuma ya toshe. Tun 1980 Schippers da Verdouw a Holan suka kawo wani gwaji da ya fi shi tsari, daga baya aka yi masa samfurin da ke amfani da takarda mai ƙananan ƙofofi, amma tsohon ne dai ke hannun yawancin mutane saboda araharsa.

Maganin na gaskiya kafin ruwa ya iso tantani ake yinsa, kuma tsohuwar dabara ce: a haɗa ƙananan su zama manya. Alif da ake jefawa a ruwan gulbi abin da yake yi ke nan, yana kashe cajin da ke raba ƙwayoyin, su dunƙule, su yi nauyi, su kwanta ko yashi ya tare su. Manyan masana'antu sun fi son gishirin ƙarfe, wani sinadari mai aiki irin na alif, a kan alif ɗin, domin ragowar alif da ta tsallake takan haɗu da silika ko da maganin hana ƙanzon gishiri ta zama sabuwar dauɗa a kan tantanin. Gyaran da aka yi a Tampa ma a nan ya fi ƙarfi: an ƙara matakan dunƙule dauɗa da kwantar da ita da sake tacewa a gaban tantanin. Wasu wuraren kuma tantani mai ƙofofi suke sa wa a gaban na RO, saboda shi ana iya tura masa ruwa ta baya duk bayan rabin awa ko awa guda, a haɗa da iska, dauɗar ta kakkaɓe. Na RO ba a yi masa haka, naɗinsa da siririyar fatarsa ba za su jure ba. Duk da wannan shiri teku takan yi nata ikon. A 2008 zuwa 2009 wata gansakuka mai rina ruwa ja ta mamaye gaɓar Oman da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, yauƙinta ya cushe matatu, sai da wasu masana'antu suka tsaya cik na makonni.

A ƙasarmu, inda rijiyar burtsatse ce uwar yawancin gidajen ruwa, ƙarfe ne ya fi yin ɓarna a ɓoye. A can ƙarƙashin ƙasa, inda babu iska, narke yake a cikin ruwa, ruwan ya fito fari tas. Da ya shiga tanki ya shaƙi iska, ƙarfen ya fara komawa tsatsa, ƙwayoyi ƙanana masu daidai girman nan na tsakiya. Idan an ba shi iska sosai da isasshen lokaci, sannan aka bi da shi ta yashi, an rabu da shi. Idan aka yi rabi da rabi, tsatsar a cikin injin za ta ƙarasa haɗuwa. Kulorin ma gaba kura ne baya sayaki: in ba a sa ba, bakteriya su yi gida a kan shimfiɗar su ƙara mata yauƙi, in kuma aka bari ya kai ga tantanin RO, ya cinye fatar. Dole a sa shi a gaba, a kuma cire shi da gawayi ko da magani kafin ruwan ya shiga.

Idan aka yanka ƙullin da ya mutu aka warware shi, ana karanta tarihinsa. Ɓurɓushi da yauƙi a bakin shiga suke taruwa, a ƙullin farko na jerin da ke cikin bututun, inda ruwa ya fi ratsawa da sauri. Za a ga wata laka mai santsi, ruwan ƙasa ko ruwan goro, a shafa ta da yatsa ta fita, zanen ragar ya fito a jikinta gida-gida. Ƙanzon gishiri kuwa a ƙullin ƙarshe yake, fari, mai kaushi, yana ƙaras-ƙaras a hannu. Bambancin yana da amfani, domin wankinsu ba ɗaya ba ne. Laka da yauƙi da ɓurɓushin tsirrai ruwan soda mai ƙarfi ke ɗaga su, tsatsa da ƙanzon farar ƙasa kuma sai asid, irin na lemon tsami ko wanda ya fi shi. In dauɗar gauraye ce, an fi fara wa da sodar, don asid yakan ƙara daskarar da yauƙi. Masu ƙera tantani sun ce a yi wanki da zarar ruwan da ke fita ya ragu da kashi 10 zuwa 15 cikin 100, ko bambancin matsi tsakanin bakin shiga da na fita ya ƙaru da kusan kashi 15. Wanda ya jira sai ruwa ya ragu da rabi, dauɗar ta riga ta toshe wasu hanyoyin ragar gaba ɗaya, ruwan wankin zai bi inda ke buɗe ya wuce, ya bar toshiyar inda take. Sanin wannan kashi 10 ɗin kuwa sai da littafin da ake rubuta matsi da yawan ruwa da zafinsa kullum tun ranar da aka sa sabon tantani, domin sanyin hunturu kaɗai yana rage ruwan da kusan kashi 3 cikin 100 a kan kowane digiri ɗaya, ko da babu dauɗa ko kaɗan.